Takardun da Aka Yage wa Kai

Ranar Laraba da safe na buɗe kabad ɗina a ɗakin malamai, na tarar da alli, na tarar da kofin shayina, ban tarar da littafina ba.

Bari in faɗi ko wane littafi ne, don a san abin da ya sa ni Fauziya Hamadu, malamar Ingilishi a wata kolej mai zaman kanta a unguwar Yelwa ta Garwa, na zauna daɓas a kan siminti. Shekara shida ina rubuta shi da hannu, shafi ɗari biyu da goma, cikin wani ƙaton fayil mai zobba. Yaranmu na Garwa da Fulatanci da Hausa suke tashi, a makaranta a ɗora musu Faransanci, sannan a ce ga Ingilishi kuma. Sai yaro ya buɗe ƙamus ya ga kalma uku an fassara su da abu ɗaya, ya cafki wadda ta fi kusa da hannunsa. Wata ɗalibata ta taɓa ce wa baƙuwa skinny, ita a ranta yabo ta yi. Shi ne na zauna na bi irin waɗannan kalmomi na siffanta mutum da abu, gida-gida. Thin siriri ne kawai, ba yabo ba zagi. Slim siriri ne mai kyan gani. Skinny kuwa wanda ƙasusuwansa suka fito har ka tausaya masa. Kowane shafi da bayaninsa cikin Hausa da Faransanci, da misali daga kasuwa ko karar shanu ko bakin kogin Binuwai.

Ranar Juma'a wani sufeton koyarwa zai zo ya karɓa ya kai a buga. Kwafi ɗaya ne tak. Kada wanda ya tambaye ni abin da ya hana ni yin fotokofi, na tambayi kaina har na gaji.

Kafin a buga ƙararrawar shiga aji makaranta ta riga ta yanke hukunci. Mabuɗin kabad ɗin biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun Madam Flore, abokiyar aikina 'yar garin Kumba can kudu, wadda muke ajiya tare. Baƙuwa ce, ba ta da dangi a garin, kuma an ga ta fita jiya da jaka a kafaɗa. Ai shi ke nan.

Malam Taufiƙ, shugaban sashen Ingilishi, shi ya koyar da ni tun ina aji ɗaya, shi ne kuma yake jan salla a ɗan masallacin makaranta. Ya gyara zaman tabarau ya ce, “Ni ba na zargin kowa. Amma kabad bai ɓalle ba, mabuɗi kuma biyu ne.”

Mesiye Maurice, direktanmu, mutum ne mai son magana ta ƙare da wuri. Ya ce in Juma'a ta yi littafi bai fito ba, zai sallami Flore ya kai maganar komisariya wajen 'yan sanda. Flore ta dube ni, tana jiran in ce wani abu. Ban ce ba. Wannan shirun nawa har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Na fita na kira Baba a waya.

*

Mahaifina Hamadu shekararsa saba'in da ɗaya. Arba'in daga ciki ya yi su ne yana bin sawun shanun sata wa dillalai da mahautan Garwa. Ya taɓa bin bijimi ɗaya daga garin Pitowa kwana tara, ya dawo da shi har da igiyarsa. Amma tunda na fara aiki bai taɓa taka makarantarmu ba. A ganinsa ina koya wa yara harshen da ba su da wanda za su yi shi da shi, kuma “Malama” da yake kirana tsokana ce zalla.

Ya sauka daga moto, babur ɗin haya, da sandarsa, ya dubi filin makaranta ya taɓe baki.

“Malama, ƙafa nawa ta taka nan tun safe?”

“Yara ɗari bakwai, Baba.”

“To, nan kam an riga an karanta an goge. Yaushe aka yi ruwa?”

“Jiya da la'asar, bayan yara sun tashi.”

“Alhamdulillahi. Nuna mini kabad.”

Bai taɓa kwaɗon ba. Ya dubi sauran kabad shida da ke jere, ya ce wa Mesiye Maurice cikin Fulatanci ya ara masa mabuɗin nasa. Ya miƙa mini. Na zura a kwaɗona, ya buɗe ƙwal. Kafinta ɗaya ya yi su, a shago ɗaya ya sayo kwaɗunan, shekara huɗu muna kulle-kullen banza. Mesiye Maurice ya shafa sanƙonsa, sauran malamai kowa ya kama duban rufi.

Baba ya juya ga Flore. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta amsa masa.

“Baba, ni ya tafi ƙarfe biyar. Jaka na takardun yara ne, na gyara a gida.”

“Ta ina kika fita, 'yata?”

Ta nuna ƙofar gefe. A can ƙasa na nan da danshinta, ba wanda ya bi. Ga tsinin takalminta reras har bakin get. Baba ya bi shi a hankali, ni da Malam Taufiƙ muna biye.

“Ka ga sawun ya nutse, Malam Hamadu,” in ji Malam Taufiƙ. “Alamar an ɗauki kaya ke nan, ko?”

“Duk wanda ya ce maka sawu na auna nauyin littafi, ƙarya yake yi maka, Malam.” Ya nuna da sanda. “Mai sauri daban, mai tsoro daban. Mai sauri buɗe taku yake yi. Mai tsoro waiwaye yake yi, in ya waiwaya kuwa sai ƙafa ɗaya ta karkace. Wannan ba ta yi ko ɗaya ba. Gajiya ce da ita. Ga inda ta tsaya ta cire tsakuwa a takalmi, ga inda ta tsaya suka gaisa da mai gadi, har ta sauya ƙafa sau biyu. Ba ita ba ce.”

Malam Taufiƙ ya ce Allah ya sa haka ne, ya duba agogo, ya ce yana da aji.

*

Bayan ɗakin malamai akwai ɗan lungu da ke kaiwa ƙaramar ƙofar baya. Nan Baba ya tsaya. Sawun silifa ne ƙanana, ga kuma wani shati a ƙasa mai faɗi, kamar an ja abu.

“Mace ce gajera, da safen nan, tana jan buhu. Wa ke nan?”

Talatu mai shara ce. Duk Laraba takan kwashe tsofaffin takardun jarrabawa ta kai wa Hamidu mai tsire a karfur, mahaɗar titi, da iznin direkta, ya riƙa naɗe nama da su. Na dubi agogona, sha biyu ta gota. Hamidu tun sha ɗaya yake hura wuta.

Ban san lokacin da na tattare zanena na sheƙa ba. Malama guda, a titin Yelwa tsakar rana, 'yan moto na yi mini ihu. Na iso na tarar Hamidu yana barbaɗa yaji a kan tsire, ya miƙa hannu ya zaro takarda daga buhu. Rubutuna ne. Na fizge ta a hannunsa har tsinke biyu suka faɗi a ƙasa.

“Subhanallahi! Malama, lafiya?”

Na durƙusa na zazzage buhun. Ga su nan, an zare su daga fayil an cakuɗa su da takardun lissafi. Ina tsinta ina ƙirgawa ina kuka. Ɗari da casa'in da ɗaya. Sha tara sun riga sun bi nama cikin gari.

Baba ya iso a tsanake, suka yi jam na, gaisuwar Fulani, da Hamidu kamar ba abin da ya faru, har ya tambayi lafiyar tsohuwarsa. Sannan ya ɗauki shafi ɗaya ya ɗaga shi sama. Ya ɗauki na biyu, na uku, na goma.

“Malama, haka kike rubutu a takarda mai yagaggen kai?”

Sai lokacin na lura. Kowane shafi an yage masa kai, faɗin yatsa biyu, a miƙe sarai, irin yagar da ake yi in an ninke takarda an bi ta da farce.

“Me ke wurin a da?”

“Bismillah ce, Baba, da Larabci. Kai ka ce kada in fara shafi ba ita.”

Hamidu ya dafe ƙirji. “Wallahi, Baba Hamadu, da na ga sunan Allah ba zan naɗe nama da ita ba. Shekara ashirin ina sana'ar nan, duk takardar da na ga baƙin Larabci a kai ware ta nake yi in sa a sama.”

“Na sani. Wanda ya zuba su a buhun nan ma ya sani.” Baba ya tattara shafukan ya sa a jakata ya zuge. “Ku biyun nan, kada wanda ya ji maganar kan takardar nan daga bakinku.”

*

Muna komawa muka tarar labari ya riga mu. Waɗanda suka rantse da safe cewa Flore ce, yanzu sun rantse Talatu ce. Makarantarmu ke nan, ba ta rasa wanda za ta rataya wa abu, muddin ba shi da mai tsaya masa. Talatu na zaune a kan bokitinta, ta yi tsuru-tsuru.

“Baba, ni ko sunana ban iya karantawa ba. Na zo da safe na tarar buhun a cike, an ma ɗaure bakinsa. Na ce wani ya taimake ni.”

“A da ke kike ɗaurewa?”

“Kullum.”

Baba ya koma lungun nan, ni kaɗai na bi shi. Wannan karon bai dubi hanyar ƙofa ba, jikin bango ya bi, ƙarƙashin inuwar kwano. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

“Zo ki gani. Namiji ne, dogo. Takalmi sau-ciki, amma ya take bayansa yana sa shi kamar silifa, irin na mai yawan alwala. Ya tsaya a nan ana ruwa, ya daɗe, ya fi awa. Kin ga yadda ya yi ta sauya ƙafa? Yagar takarda ɗari biyu ba aikin minti biyar ba ne.”

Ya matsa taku uku. A gindin bango akwai wasu ramuka biyu ƙanana masu zurfi, ba dunduniya.

“Nan ya ɗage a kan yatsunsa. Malama, me ke sa dogon mutum ɗagewa?”

Kaina ya ɗau zafi, ban tsaya tunani ba. Na ce ni dai a nuna mini mutumin.

“Je ki ce wa direktanku ya tara su duka a ɗaki ɗaya. Ki ba ni minti goma.”

*

Aka taru a ɗakin malamai bayan azahar: Mesiye Maurice, Flore, Talatu a bakin ƙofa, Malam Taufiƙ, da sauran malamai tara. Maza dogaye a ciki sun kai biyar, masu take bayan takalmi kuwa, na duba, uku ne. Na ce a raina, yau tsohon nan zai ji kunya a gaban 'yan boko.

Baba ya shigo yana dogara sanda, ya yi sallama, ya tsaya a tsakiya. Hausa ya yi, ina juya wa direkta.

“Na bi sawun Madam, ba ita ba ce. Na bi sawun Talatu, ta ja buhu, amma ba ita ta cika shi ba. Littafin an same shi wajen mai tsire, sai abin da ya ɓata. Iyakar abin da ƙasa ta gaya mini ke nan. Na tsufa, ku yi haƙuri.”

Wani malamin lissafi ya yi 'yar dariya. Na ji kamar in shaƙe shi.

Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro wata baƙar leda, an naɗe ta tsaf an ɗaure da zare.

“Sai wannan tarkacen da na tsinta a bayan ɗaki. Ba shi da wani amfani.”

Ya sake ta ta faɗi a siminti. Ya ɗaga ƙafarsa, da takalminsa da ya sha taɓon lungu, zai ɗora a kai.

“Kada ka taka! Sunan Allah ne a ciki!”

Kujera ta kife. Malam Taufiƙ ne, ya durƙusa a gaban Baba, ya rungume ledar a ƙirji da hannu biyu.

“Malam,” in ji Baba a hankali, “ledar a ɗaure take. Ya aka yi ka san abin da ke ciki?”

Sai Baba ya ce masa ya kwance. Ya kwance, sai ga yankakkiyar takardar buhun siminti.

“Ni ma ɗan Musulmi ne,” in ji Baba, “ba zan yar da sunan Allah a ƙasa ba ko don kama ɓarawo.” Ya cire hularsa, ya ciro wani ƙunshi daga cikinta ya ajiye a kan tebur. Kawunan shafukana ne, ɗari biyu da goma, an jera su ɗaya kan ɗaya. “A tsakanin bango da kwano na same su, inda hannun Talatu ba ya kaiwa ko ta hau bokiti. Madam kuwa ba ta san abin da aka rubuta a wurin ba, balle ta ware shi. Wanda ya yi aikin nan ya iya jefa wahalar 'yata a shara, amma bai iya jefa Bismillah ba. Ya san abin da aka koya mana tun muna yara, a ɗaga ta a sa a sama. Ni kuma sama na duba.”

Na dubi mutumin da ya fara koya mini gaisuwa da Ingilishi. Na so in zage shi, bakina ya ƙi.

“Me na yi maka, Malam?”

Ya cire tabarau. Ban taɓa ganin idonsa ba tabarau ba, ashe ƙanana ne.

“Ba ki yi mini komai ba, Fauziya. Jiya ruwa ya tare ni, na ce bari in duba in gyara miki kurakurai kafin sufeto ya gani. Na karanta, ban sami abin gyara ba. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, ban rubuta shafi ɗaya irin wannan ba.” Ya juya tabarau a hannunsa. “Akwai inda kika ce jealous shi ne mai kishin abin da ke hannunsa kada a ƙwace, envious kuma mai ƙyashin abin da ke hannun wani. Na karanta sau uku. Duka biyun ni ne.”

Mesiye Maurice ya ɗauko wayarsa zai kira komisariya. Na ce ya bari. Ba don kirki ba, kada a ɗauke ni waliyyiya. Ina da shafi sha tara da zan sake rubutawa kafin Juma'a, ba ni da ranar zaman benci a komisariya. Abu ɗaya na nema, ya roƙi Flore da Talatu gafara a gaban mutanen da ya sa suka zarge su. Ya yi, kansa a ƙasa. Ƙarshen zango ya ajiye aiki.

Da aka watse na je gaban Flore na tsaya.

“Ma soeur, 'yar'uwa,” ta ce, “ka yi shiru da safe, na gani. Yanzu kawo biro. Shafi goma naka, tara nawa.”

Na rungume ta na fashe da kuka.

*

Muka baje a kan dogon tebur. Talatu ta samo gam, tana manna wa kowane shafi kansa, tana hura masa iska. Ni da Flore muna tuno abin da ya bi tsire. Na zaci Baba zai tafi, sai na ga ya ja kujera ya zauna, ya jingine sanda.

“Wai me ke cikin abin nan da har mai salla ya zama ɓarawo a kansa? Karanto mini ɗaya in ji.”

Na ɗauki wanda ke sama. Na ce masa kalma uku ne, duk gajiya suke nufi. Tired wanda ya gaji, in ya huta zai tashi. Weary wanda gajiya ta daɗe a jikinsa har ta shiga ransa. Exhausted wanda ƙarfinsa ya ƙare kaf.

Ya shafa gemu.

“Ta farkon saniyar da aka kora wuni ɗaya ce, takunta ya gajarta amma tana cizgar ciyawa a hanya. Ta biyun ta yi sati, tana jan kofato, ta daina ko duban ciyawar. Ta ukun kuwa sai ki ga shaidar gwiwa a ƙasa.” Ya dube ni. “Wanda bai sani ba sai ya ce duk sawun saniya ne.”

“Haka yarana suke cewa, Baba.”

“Ashe bin sawu kike yi shekara shidan nan, ba ki gaya mini ba.”

Na sunkuyar da kai ina rubutu, hawaye na neman ɓata mini shafin da na gama yanzu.

Ranar Juma'a da hantsi, ba wanda ya kira shi, sai ga Baba a bakin ofishin direkta cikin babbar rigarsa ta salla, ya zauna a benci ya miƙe wuya. Sufeto ya juya shafukan nan masu tabon gam, wasu har da ɗigon mai da ƙanshin yaji, ya karanta ya karanta, ya ce wannan littafi za a buga shi. Sannan ya nuna benci ya tambaye ni da Faransanci ko wane ne dattijon nan.

Baba bai iya Faransanci ba, amma ya ga inda yatsa ya nuna.

“Malama,” ya ce, kuma karon farko ban ji tsokana a ciki ba, “ki gaya masa ni na koya miki.”

Na juya na gaya wa sufeto haka, ban rage ko kalma ɗaya ba.